Injiniya da Ɗakin Naman Kaza

Ni direban babbar mota ne, ko in ce tsohon direba, tunda yanzu gwiwa ta sauke ni. Matata kuwa duk unguwa Injiniya ake ce mata, har jikokinta. Ni na raɗa mata sunan da wasa, ya bi ta.

Babanta mai gyaran rediyo ne. Shagonsa ɗan ƙarami ne a bakin titi, ƙofa ɗaya, taga ɗaya, rediyoyin mutane jibge har rufi. 'Ya'yansa duk mata ne, ita ce auta. Yayyenta suna gudun shagon saboda warin dalma, ita kuwa nan take wuni. An ba ni labari tana ƙarama ta kwance agogon bangon gidansu don ta ga abin da ke motsi a ciki. Innarta ta ɗauko bulala, baban ya ce a dakata tukuna a ga ko za ta iya mayarwa. Ta mayar. Wasu 'yan ƙusoshi sun yi saura a ƙasa, amma agogon ya ci gaba da tafiya, bulala kuma ta koma inda aka ɗauko ta.

Rediyon motata ne ya kai ni shagon. Na tarar da budurwa zaune a kujerar mai gyara, na ce, "Ina Baba?"

Ta ce, "Ya fita. Me ya sami rediyon?"

Na ce zan jira shi. Ta ce in jira, amma in ajiye rediyon kan tebur kada hannuna ya gaji. Kafin in gama kallon titi, sai na ji muryar mai labarai tana tashi a bayana. Daga ranar rediyon nan ya shiga lalacewa a kai a kai. Zuwan da na yi na ƙarshe, ta buɗe shi, ta duba, ta ɗago kai ta ce, "Malam, wannan wayar ba da kanta ta fita ba, hannu ne ya zare ta. In magana ce da kai, ga Baba can." Haka aka yi auren.

Da Allah ya yi wa baban rasuwa, ita ta riƙe shagon. Ina kan hanya kwana da kwanaki, tana renon yara tana gyara. Rediyo ya ja baya ta koma talabijin, talabijin ya ja baya ta koyi wayar salula. Amma kayan cikin waya ƙanana ne ƙwarai, idonta kuma ya fara gajiya, ga samari sun cika titin da shaguna. Wata rana ta rufe shagon, ta kawo akwatin kayan aikinta gida ta tura ƙarƙashin gado. Ban taɓa ganin ta haka ba. Mace mai surutu kamar kanari ta koma zaman tagumi. Fanka ta lalace a gidanmu, ta ce in kai wa mai gyara. A nan na san abin ya yi tsanani.

Yayarta ce ta fitar da ita. Yaya babba ce a gidansu, mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun watse, ta dawo wurinmu da zama. Mace ce mai albarkar hannu, ko sanda ta dasa sai ta yi ganye. Wata mai dafa abinci a otal ta gaya mata suna neman naman kaza, tsiron nan mai kama da 'yar lema, ido rufe, daga nesa ake kawo musu, kafin ya iso ya yi yaushi. Yaya ta je ta koyo yadda ake nomansa a ɗaki, ta dawo tana zuba bayani.

"Ba gona, ba taki, ba rana. Garin katako ake dafawa a cusa a leda, a sa iri, a jera a kanta. Abu ɗaya yake so, laima. Iskar ɗakin ta zama jiƙe kamar bayan ruwan sama, amma kada ruwa ya kwanta a kansa. Wai akwai na'urar da ke lura da wannan, ni dai ban gane kanta ba."

Injiniya tana kwance ta juya mana baya. Sai muka ji ta ce, "Wace irin na'ura?"

Ni da Yaya muka dubi juna. Kafin la'asar akwatin kayan aiki ya fito daga ƙarƙashin gado.

Ɗakin ajiya na bayan gida suka kwashe. Aka lulluɓe bango da leda, na buga musu kantoci, Yaya ta jera ledojinta kamar burodi a shago. Injiniya ta kafa injin feshi mai fitar da hazo, da 'yar fanka mai jan iska waje, da wani akwati kamar tafin hannu mai nuna lamba. Daga akwatin waya ta fito, a bakin wayar akwai ɗan abin da ke auna laimar iska, bai kai ƙwayar wake ba. Ita hanci take ce masa, wai shi ke shinshina ɗakin. In lamba ta sauka ƙasa da tamanin da biyar, akwatin ya tayar da injin feshi. In ta haura casa'in, ya kashe.

Ranar da naman kazan farko ya ɓullo daga bakin ledoji, fari tas, ƙanana kamar kan ashana, matan nan biyu masu furfura sai da suka yi rawa a tsakar gida. Mai dafa abincin otal ta zo ta gani, ta ce duk abin da suka samu a kawo mata.

Sai damina ta sauka. Safiya sanyi, ɗakin ya yi ta zufa, da rana kuma kwano ya ɗau zafi. Naman kaza ya fara canzawa. Bakinsa ya yi rawaya, ya tsattsage, ƙananan suka ƙanƙance tun ba su girma ba. Yaya ta shiga da rana tsaka ta fito ranta a ɓace.

"Auta, ɗakin nan a bushe yake."

"Haba Yaya, dubi lamba. Ɗari cif."

"Ni ban san lamba ba. Fatar hannuna ta ce a bushe yake. Kuma tun safe ban ji injin nan ya yi tari ba."

"To ai ba zai tashi ba, tunda laima ta cika."

"Ta cika a ina? A cikin akwatinki?"

Suka yi ta yi har na sa baki, suka haɗu suka ce in yi shiru, me direba ya sani. Amma maganar ta tsaya wa Injiniya a rai. Ta ciro hancin, ta zauna bakin ƙofa inda haske yake, ta ɗauko gilashin ƙara girma na babanta ta kafa masa ido. Can sai ta buga tsalle.

"Baban yara! Zo ka gani! Yaya, zo, ke ce da gaskiya!"

Na leƙa. A tsakiyar abin akwai wani ɗan rami kamar an huda da allura, a cikinsa ɗigon ruwa ya zauna daram.

Ta ce, "Ka gane? Raɓar safe ce ta kwanta masa. Ɗaki ya bushe, shi bai bushe ba. Kamar ka tsoma kan mutum a bokiti ne ka tambaye shi ko ana ruwa a gari. Me zai ce maka? Ɗari!"

Ka rantse kyauta aka ba ta, don murna. Yaya ta ce ita ba ta ga abin dariya ba, kanta guda ta lalace.

Gano ciwon bai zama magani ba. Ta shanya hancin a taga ya bushe, ta mayar, ya yi aiki lafiya, washegari ya koma ɗari. Ta sayo na biyu, tana sa ɗaya tana shanya ɗaya kamar wankin jariri. Ba ta iya zuwa ko'ina, ko barka ko gaisuwa, tana gadin ɗigon ruwa. Wata rana gaggawa ta sa ta hura masa na'urar busar da gashi ta 'yarmu, robar jikinsa ta lanƙwashe, ya mutu murus. Sai ta ce in raka ta wurin wanda ya sayar mata.

Ana yayyafi muka je. Mai shagon kayan lantarkin mutumin kirki ne, ya san ta tun tana da nata shagon, Mama yake ce mata. Ya saurare ta har ta gama, ya sosa ƙeya.

"Mama, kin kunna hitarsa kuwa?"

"Hitar wa?"

"Ta shi ma'aunin. Wanda ke kawo mini kaya ya taɓa ce mini irin wannan akwai hita a cikinsa, saboda wuri mai danshi. Ni dai ban taɓa gwadawa ba, masu saye a wurina ofis suke kaiwa, ba ruwansu da raɓa."

Ta ɗaga abin tsakanin yatsu biyu. "Ɗana, dube shi da kyau. A ina hita za ta zauna a nan? Ko kujerar ƙuda ba ta shiga."

Ya yi dariya, ya kira mutumin nasa a waya, ya sa muryar a fili. Mutumin ya ce a danne maɓallai biyu tare har lambobi su fara ƙiftawa, a wuce wurin saita laima, a wuce na zafi, za a ga wata alama kamar igiya a lanƙwashe. Mai shago ya ɗauko sabon hanci ya jona a wani akwati irin namu. Injiniya ta ƙwace, ta ce ita za ta danna. Alamar ta fito. Ta kunna.

Lambar zafi da ke zaune wuri ɗaya sai ta fara hawa a gabanmu, ta laima kuma tana gangarowa. Injiniya ba ta yarda da lamba ba tukuna. Ta kai abin kan leɓenta na sama, yadda babanta ke yi in yana neman abin da ke ɗumi a cikin rediyo. Ta rufe ido. Sai ta ware su gaba ɗaya.

"Wallahi da ɗumi! Baban yara, kawo bakinka!"

A gaban mutane ta manna mini shi a leɓe. Da ɗumi kuwa, kaɗan, kamar numfashin jariri. Wani da ya zo sayen ƙwan fitila ya ce shi ma a ɗana masa. Ta hura wa hancin iskar bakinta har lamba ta haura, ta kunna hita, muka ga ta sauko nan da nan. Ta sake, ta kuma sakewa. Mai shago ya ce, "Mama, kin fa tara mini jama'a." A hanyar gida ko lema ba ta buɗe ba, tana tafe tana magana ita kaɗai. "Kwana da kwanaki ina shanya shi a taga, ashe da murhunsa a ciki!"

Muna isa ta jona sabon hancin, ta kunna hitar akwatinmu. Ɗari ta faɗo. Injin feshi da ya yi kwanaki yana barci da rana ya tashi da ƙarfinsa. Yaya ta tafa hannu. Injiniya ta ce yau kam za ta fita ta sha iska, muka kulle gida mu uku muka tafi duba jikarmu da ta yi zazzaɓi.

Da muka dawo, tun daga zaure na ji takalmina yana caɓal-caɓal. Ruwa ne ke fitowa ta ƙarƙashin ƙofar ɗakin naman kaza, ya ratsa tsakar gida ya nufi kicin. Yaya ta buɗe ƙofa, hazo ya bugo mu, ba ka ganin kanta ta biyu. Rufi na ɗiga, bango na zuba, naman kaza ya sha ruwa ya yi laushi kamar tsumma. Injin yana ta aiki, akwatin kuwa hankalinsa kwance yana nuna sittin da wani abu.

Yaya ta dafe kai. "Auta, kin kashe ni. Jiya fari, yau ambaliya!"

Na zaci Injiniya za ta yi kuka. Ta kashe injin, ta tsaya cikin ruwa har idon sawu tana kallon lambar. Sai ta kashe hitar ita ma, ta ce kowa ya yi shiru. Lamba ta fara hawa a hankali, saba'in, tamanin, casa'in, har ta kusa ƙurewa.

"Na gane! Na gane, Yaya! Laifina ne, a kunne na bar ta. In hancin yana da zafi, iskar da ke bakinsa bushewa take yi, sai ya ɗauka duk ɗakin haka yake. Mutumin da ke zaune bakin murhu ai ba shi za ka tambaya ko gari da sanyi ba."

Yaya ta miƙa mata tsintsiya ta ce, "To, ki gane da wannan a hannunki."

Har magariba muna kwasar ruwa. Wasu ledojin daga baya suka yi kore da fumfuna, dole aka zubar. Yaya ta yi kwana biyu ba ta yi mata magana sai ta bakina. "Gaya wa matarka shayi ya yi."

Washegari Injiniya ta ɗauki kujera ta shiga ɗakin, ta sa rigar ruwa, ta zauna gaban akwatin da agogona a hannu. Ta sake kiran mutumin nan mai kawo kaya, ya ce ai bayan alamar akwai zaɓi, ba kunnawa da kashewa kaɗai ba. Ana iya sa hitar ta riƙa tashi da kanta lokaci lokaci. Ya kuma gargaɗe ta kada ta yawaita, wai yawan gashi yana tsufar da abin. Ta ce, "Da jiya ka faɗi haka ai da ban yi wanka da kaya ba." Ya ce ai ba ta bari ya gama magana ba ta yi ihu. Wannan kam gaskiyarsa ne, ina wurin.

Sai ta shiga gwaji. Ta ba shi ɗumi na ƙiftawar ido, raɓa ba ta tashi ba. Ta ƙara kaɗan, ta tashi. Ta auna tsawon lokacin da yake ɗauka kafin ya huce ya dawo daidai da ɗakin, ta saita akwatin ya yi kunnen uwar shegu da duk abin da hancin ya faɗa a wannan tsakanin, kada ya tayar da injin feshi sai ya huce. Don ta tabbatar, takan shigo da ɗayan hancin busasshe daga falo ta rataye kusa da shi, ta ga ko bakinsu zai zo ɗaya. In ya zo ɗaya sai in ji ta daga tsakar gida, "Sun yarda! Sun yarda da juna!" Ta kuma ɗauke hancin ɗakin daga saitin feshin, ta juya bakinsa ƙasa, ta yanka murfin gorar ruwa ta yi masa 'yar hula.

Ni aka ɗora wa aikin kai mata shayi. Duk shigar da na yi sai ta riƙe ni. "Tsaya ka ga, yanzu hitar za ta tashi." Lamba ta ɗan nutse, ta jima kaɗan, ta dawo ta zauna a casa'in. Na gani ya fi a ƙirga, amma kowane karo sai ta dube ni tana jiran in yi mamaki, ni kuwa in yi.

Yaya ce alƙali. Ranar da ta huce ta shiga da rana tsaka, lokacin da kwano ya fi zafi, ta miƙa hannu cikin iska, ta shafa kumatunta. Muna bakin ƙofa muna jira. Ta fito ta wuce kicin. Can muka ji ta ɗaga murya, "Auta, zo ki ci abinci, ƙanwata ta kaina." Injiniya ta daki kafaɗata har sai da na yi tangaɗi.

Fitowar da ta biyo baya ban taɓa ganin irinta ba. Naman kaza ya yi gungu gungu a bakin kowace leda, faffaɗa kamar kunnen ɗan maraƙi, fari sol, ba tsaga ko ɗaya. Kwanduna suka ƙare, aka koma zubawa a tire da baho. Mai dafa abincin otal ta zo ta ɗaga guda ta duba ƙarƙashinsa, ta ce, "Cikin daminar nan? Kowa nasa ruɓewa yake ko ya bushe. Me kuke ba shi?" Yaya ta nuna ƙanwarta da haɓa ta ce, "Tambayi mai murhu."

Ita ce ta baza labarin. Ba a jima ba wani mai renon dashen itatuwa a rumfar leda ya yi sallama, da akwatinsa a hannu, shi ma ya maƙale a ɗari. Bayansa wata mai ƙyanƙyasar kaji. Nata ma'aunin ba ya da hita ko kaɗan, Injiniya ta gaya mata gaskiya, ta kwatanta mata irin wanda za ta saya. Kowa ya zo sai ta fara da labarin ambaliya, ta nuna masa layin da ruwa ya bari a bango, kafin ta taɓa maɓalli. "Ɗumi kaɗan za ka ba shi, ka bar shi ya huce, sannan ka tambaye shi. In ka bar hitar a kunne, tanadi tsintsiya."

Shekaranjiya na fito da safe na tarar da su biyun a rumfar da nake shan iska, Yaya riƙe da bakin igiyar awo, Injiniya tana jan ɗaya bakin har bango. Kujerata tana waje, an jingine ta da bishiya.

Na ce, "Lafiya?"

Injiniya ta ce, "Lafiya lau. Kanta nawa kake gani za su shiga nan?"

Na ce ai nan wurin hutawata ne. Yaya ta ce inuwar bishiya ta fi lafiya ga mai ciwon gwiwa. Na duba ban ga mai goyon bayana ba, sai na je na ɗauko guduma.